Tikitin Hayaƙi

Azumin bana ma a tsakiyar zafi ya faɗo. Tun hantsi kwanon rufin ajinmu yake fara ƙara kamar ana taka shi, in an tashi kuma kwalta ta yi laushi har takalmi yana manne mata. Jiya da na dawo daga makaranta na tarar Umma ta jiƙa wake. Na zauna ina murza shi a cikin ruwa, ɓawon yana tasowa sama, sai na ga wani ɗan baƙin ƙwaro yana iyo a ciki. Shi ya tuna min da wancan azumin, lokacin ina aji biyar na firamare, shekarar da Baba ya tafi Kudu neman kuɗi ya bar mu a Tudun Wada, ni da Umma da ƙannena biyu.

Umma ƙosai take soyawa. Gurbinta a kwanar layinmu yake, gindin dogonyaro, inda kakata ta fara aza kasko tun kafin a shimfiɗa kwalta. Murhu ne kawai na duwatsu da ɗan benci, amma duk wanda ya sauka daga keke sai ya bi ta gabansa. Tsallaken titi kuwa gidan Alhaji ne, wanda kowa ke kira Alhajin Kwana, mai doguwar katanga da masallaci a jikinta.

A da, azumi shi ne lokacin girbinmu. Alhaji yana ciyar da masu buɗa-baki a masallacinsa, kuma Umma ce ke yin ƙosan da kunun tsamiyar. Kula-kula ake tsallaka titi da su. Ban san ana koyar da irin wannan a makaranta ba sai bana, da malaminmu ya zana da'ira a allo ya sa mata kibiyoyi ya ce haka kuɗi ke zagayawa. Abin da na sani a lokacin shi ne, in Hajiyar gidan ta ba Umma kafin alƙalami a watan Sha'aban, kuɗin ba ya kwana a ɗakinmu. Wani ya tafi wurin Iya mai man gyaɗa, wani wurin mai-ruwa da ke turo mana kura, wani wurin Oga Sunday mai injin markaɗe. Ran Juma'a Umma ta tsayar da Bafulatana ta sayi nono ba ta nemi ragi ba. Tela ya auna mu. Shi ma Oga Sunday a watan ne yake sauya wa injinsa bel, yana dariya yana cewa, "Azuminku ya zo, ni na shiga Kirsimeti."

Kaso mafi tsoka na Maman Talatu ne. 'Yar Gbagyi ce daga wani ƙauye bayan Bosso, ita ke kawo mana wake da itace. A kafaɗa take ɗaukar kaya, ba a ka ba, har kafaɗar tata ta yi kanta baƙi kamar tafin ƙafa. Coci take zuwa, amma ta fi kowa lissafin tsayuwar wata, don tun kaka take ware wa Umma buhunan wake, ta zuba musu toka da busasshen barkono, ta ƙi sayar wa 'yan kasuwa ko sun ƙara mata kuɗi. A Hausarta kowa namiji ne. "Maman Zulai, ka kwana lafiya?" Haka take gaida Umma. Ni ce Zulai. Ni kuma takan ce min, "Kai yarinya mai shiru, yau ma ba ka magana?" Sai in ɓuya bayan Umma.

A waccan shekarar, da Sha'aban ya raba, Umma ta sa mayafinta na fita, ta ce in raka ta gidan Alhaji. Na tuna sanyin falon, irin wanda ke sa gumin baya ya koma kamar an watsa wa mutum ruwa. Na tuna na zauna a gefen kafet ina ɓoye ƙafata saboda ƙura. Hajiya ta karɓe mu da fara'a, ta tambayi Baba, ta tambayi yara. Sannan ta fara juya zobenta.

"Wallahi Maman Zulai, kunyarki nake ji," ta ce. "Bana yaran nan sun ce a sauya tsari. Babban ne ya samo wasu masu girkin kwangila daga Abuja. Wai shinkafa da kaza, kowa da robarsa. Sun ce ya fi tsabta, ya kuma fi kyau a hoto."

Umma ta ce, "Ba komai Hajiya. Allah ya karɓi ibada."

Hajiya ta ba mu kwalin sukari da turmin atamfa. Muka fito. Sai da muka tsallaka titi Umma ta tsaya a gindin dogonyaron, ta gyara zaman dutse ɗaya na murhun da ƙafa, ko da yake ba a karkace yake ba.

Washegari Maman Talatu ta zo jin ranar da za a fara kawo wake. Umma ta ba ta ruwa, ta jira ta shanye, sannan ta faɗa mata. Maman Talatu ta daɗe tana kallon cikin kofin.

"Wake din fa?" ta ce. "Masu saye sun wuce tun tuni. Yanzu kasuwa ya cika da na Arewa."

"Zan riƙa ɗauka kaɗan-kaɗan," in ji Umma. "Iyakar abin da zan iya biya."

"To," ta ce. Ta saɓa ƙwaryarta a kafaɗa ta tafi, ba ta ma tsokane ni ba.

Aka ga wata. Zafin wannan azumin ban taɓa ganin irinsa ba. Famfo ya ƙafe, wuta kuma sai a wuni ba a kawo ba. Da azahar layinmu yakan mutu, ko akuya ba ta motsi, sai ƙadangaru da ke buɗe baki a inuwar katanga. Mukan jiƙa zani mu shimfiɗa a siminti mu kwanta a kai, kafin a jima ya bushe. Da la'asar hadari ya haɗu ta gabas, baƙi ƙirin, kowa ya fito da bokiti, sai iska ta taso ta kaɗe ɗanyun mangwaro ta watsa hadarin. A shekarar na fara azumi cikakke. Leɓena ya tsage, in na haɗiyi yawu sai in ji kamar yashi.

Kullum bayan la'asar farar mota takan tsaya a ƙofar Alhaji. Samari masu riga iri ɗaya su sauke tebura su jera a bakin titi, su tara robobi kamar bulo. Komai da shi suke zuwa, shinkafar, kajin, har ruwan sha da leda. Ko ashana ba su saya a layinmu ba. Mutane kuwa daga unguwanni suke tahowa, layi har ya wuce gaban murhunmu. Ban ga laifinsu ba, ni kaina ƙamshin kazar yana ja na. Amma wanda ya riƙe robar shinkafa kyauta ba ya waiwayar ƙosan kuɗi. Umma ta koma markaɗa mudu ɗaya, daga baya rabi. Wani lokacin ma rabin ya yi kwantai mu ci shi da sahur, ya yi tauri ya sha mai.

Oga Sunday ya ɗaure tsohon bel ɗinsa da waya. Mai-ruwa ya daina leƙo mu. Bafulatanar ta zo ran Juma'a ta yi sallama, Umma ta ce mata sai wani satin, satin da ya biyo ba ta tsaya ba. Har yau farar motar tana zuwa duk azumi, teburan ma sun ƙaru, mun saba da ita kamar yadda aka saba da katangar. A waccan shekarar ne dai ba mu san yadda za mu yi da ita ba.

Mutum ɗaya ne bai daina zuwa ba. Isuhu mai tikiti, wani siririn saurayi mai 'yar shara ruwan ɗorawa, wanda ke karɓar kuɗin ƙasa daga duk mai sana'a a bakin titi. Umma ta san shi tun yana yawo ba wando, uwarsa ƙawarta ce. Yakan gaishe ta har da rusunawa, sannan ya yage tikitin ya ɗora dutse a kai. Kuɗin iri ɗaya ne, ko an sayar da kula goma ko ba a sayar da ƙwaya ba.

Wata rana Maman Talatu ta kawo ɗan itace ta tarar da shi. Umma tana kwance bakin zaninta tana haɗa masa canji.

"Isuhu, ɗan nan," in ji Umma, "ko man da na zuba ban mayar ba yau."

"Na gani Umma. Wallahi na gani. Amma ni hayaƙi nake bi. Haka aka ce mana, inda ka ga hayaƙi ko tebur, ka yanka. In na koma da saura a hannuna, daga aljihuna zan cika."

Daidai lokacin aka tayar da janareton gidan Alhaji. Ɗakinsa a wajen katanga aka gina shi, ya ci bakin titi fiye da gurbin Umma da na mai lemo in an haɗa. Ya yi tari, ya tofo baƙin hayaƙi da ya rufe saman dogonyaron. Ban san lokacin da maganar ta fita daga bakina ba. A hankali na faɗa, ina kallon ƙasa.

"To ga hayaƙi can."

Maman Talatu ta tafa hannu ta kwashe da dariya. "Yau yarinya mai shiru ya yi magana! Dan-tikiti, je ka yanka masa!"

Isuhu ma ya yi dariya, yana share wuya da gefen rigarsa. "Zulai, so kike a kore ni? Wannan hayaƙin ya fi ƙarfina."

"To masu tebur fa?" Maman Talatu ta nuna farar motar da haɓa. "Tebur nasu ya fi na kowa yawa. Ka yanka masu?"

"Su sadaka suke rabawa. Ba a yanka wa sadaka tikiti."

"Alhaji yana biyan su kudi ko ba ya biya?"

"Mama, ni dai abin da aka ce min ke nan."

Ya karɓi canjin. Kafin ya wuce ya sunkuyo kusa da Umma ya rage murya, amma na ji. Ya ce kada ta yarda wurin nan ya huce. Akwai wani mai cajin waya da ke neman kwanar, har ya biya ogansu na wata guda gaba ɗaya. Ƙa'idarsu kuma, gurbin da aka yi kwana uku ba a ga hayaƙi a cikinsa ba, sakakke ne, duk wanda ya biya nasa ne.

Ban daɗe ba na ga kwantenar da mai cajin zai kafa a wurin. Sabuwa, shuɗiya, an jingine ta a bangon shagon mai faci, tana fuskantar dogonyaron.

Daga ranar Umma ta koma hura wuta don wutar kawai. Turmin atamfar Hajiya ya fara tafiya. Sai babbar kula, sai langunan da ke saman kabad, waɗanda ba a taɓa cin abinci a cikinsu ba. Kowanne ya sayi mai da tikiti na 'yan kwanaki. Baba ya kira ya ce ba a biya su ba tukuna. Da aka shiga goman ƙarshe, ranar nan Umma ta karkata galan ɗin mai a kan kasko, ta jira, ɗigo kaɗan suka sauka. Ta mayar da murfin. Ta ce min in shigo da bencin.

Ranar ba a ga hayaƙi ba. Washegari ma haka. Umma ta zauna a ɗaki, ta saki labule duk da zafin, tana jan carbi. Da na ce mata an matso da kwantenar har bakin kwata, ta ce, "Ki bar leƙe, Zulai." Da Maman Talatu ta aiko a tambayi ko a kawo wake, Umma ta ce a ce mata ba ta jin daɗi. Na san ba ciwo ba ne. Ba ta son haɗa ido da matar da ta ajiye mata amfanin gonarta tun kaka.

Rana ta gaba, bayan azahar, na ji ana kiran sunana daga waje. Maman Talatu ce, da buhu a kafaɗa, Talatu na biye da ita da ɗaurin itace. Gumi ya jiƙa su sharkaf. Ba ta nemi Umma ba.

"Yarinya mai shiru, dauko babban tukunya. Dauko benci. Gishiri akwai?"

Na leƙa ɗaki. Umma ta ji komai, amma ba ta ɗago ba, ba ta kuma hana ni ba. Na ɗauko.

A gindin dogonyaron muka kwance buhun. Ƙwari sun riga sun shiga, waken duk ƙananan huji, ƙasan buhun ya zama gari. Muka baza shi a tire a rana, ƙwarin suka riƙa fitowa suna gudu. Muka bakace, muka tsince, muka wanke. Oga Sunday ya ba mu jarkar ruwa daga ta injinsa. Maman Talatu ta hura wutar da ɗanyen itace a sama, da gangan, hayaƙin ya tashi fari tas ya bi layi. Iya mai man gyaɗa ta leƙo ta ga abin da ake yi, ta koma, ta dawo da albasa da ɗan mai a ƙasan kwalba. Ba wanda ya yi dogon bayani.

Ƙamshin wake in ya fara nuna ba shi da hayaniya kamar na kaza. A hankali yake zuwa, ya zauna wa mutum a maƙogwaro. Ina fifita wutar, idona yana kan titi.

Bayan la'asar suka iso tare, Isuhu da mai cajin wayar da wasu ƙarti biyu da za su ɗaga kwantena. Mai cajin ya tsaya turus da ya ga wutar.

"Kai Isuhu, ba ka ce min wurin ya huce ba?"

Isuhu ya wuce shi. Ya ƙaraso yana kallon tukunyar, yana kallon Maman Talatu. "Mama, ina Umma?"

"Yana ciki. Ga hayaki nasa."

Ya ciro bandir ɗin tikitin, ya riƙe shi kawai. Ya san babu kuɗi, mu ma mun san ya sani.

"Mayar da shi," in ji Maman Talatu. "Mu ma sadaka ne muna yi. Ba saye, ba sayarwa. Kai ne ka fada da bakinka."

"Wannan wayo ne kawai!" mai cajin ya ce. "Arniya ce za ta yi sadakar azumi? Ka yanka musu, in ba su biya ba su tashi. Ni na biya kuɗina."

"Kai, gyara bakinka," in ji Oga Sunday daga ƙofar injinsa. "Azumi kake ko?"

Maman Talatu ko kallonsa ba ta yi ba. Ta buɗe tukunyar, tururi ya tashi, ta juya waken da muciya. "Wake bai san coci ba, bai san masallaci ba. Mai yunwa ya kawo kwano."

Mutanen da ke layin shinkafa sun fara juyowa. Isuhu ya tsaya a tsakiya, gumi yana bin gefen fuskarsa. Na lura leɓensa ya tsage kamar nawa. Na lura kuma babban yatsansa yana kan tikitin sama, yana lanƙwasa kusurwarsa yana miƙewa. In ya yaga, mun tashi. In bai yaga ba, shi zai tsaya gaban ogansu da daddare, mai cajin kuma ba zai yi shiru ba.

Ya sa bandir ɗin a aljihu. Ya waiga ya ga ƙaramin kwanon silba da nake ɗiban ruwa da shi, ya ɗauka, ya miƙa wa Maman Talatu da hannu biyu.

"A sam min na buɗa-baki, Mama. Don Allah."

Ya faɗa da ƙarfi yadda kowa zai ji. Sannan ya juya ga mai cajin. "Ka gani, sadaka ce, ni ma ga shi an ba ni. Hayaƙi kuma ga shi. Ka je wurin ogana ya nema maka wata kwanar, ni zan yi masa bayani."

Mai cajin ya yi ta faɗa har ya gaji. Ƙartin nasa kuwa ɗaya ya riga ya tsuguna kusa da tukunya yana tambaya ko akwai yaji.

Wasu tsofaffi daga masallaci suka tsallako, waɗanda haƙoransu ba sa iya kazar. Wani ya ajiye ƙullin garin rogo a kan benci ya wuce. Rana ta yi ja ta sauka bayan rufin gidaje. Maman Talatu tana ta zubawa, amma hannunta bai saba ba, wani ta cika masa har ya zube, wani ta ba shi ruwan zalla. Aka fara surutu.

Ladan yana gyara murya na ji ƙamshin sabulun Umma a bayana. Ta fito da mayafinta na aiki, wanda wuta ta ƙona wa gefe. Idonta ya kumbura. Ta tsaya tana kallon buhun da ya koma rabi. Sai ta miƙa hannu ga ludayin.

"Maman Talatu, ba haka ake zuba wa mai azumi ba. Sai kin tono daga ƙasa."

Maman Talatu ta sakar mata ludayin, ta matsa gefen bencin tana murza kafaɗarta.

"To zauna ka zuba," ta ce. "Wurin ka ne."